Rumfar ruwa ta layinmu a Nima bayan shekara guda

Shekara guda ke nan da gidanmu ya koma ɗibar ruwa a rumfar da aka buɗe a layinmu na unguwar Nima da ke Accra, kuma na ga ya dace in faɗi abin da na gani, domin haɗin gwiwa ne ya kafa ta. Kwamitin masallaci ya ba da fili, wani ɗan kasuwa ya sayi manyan tankunan roba biyu ya biya kuɗin jawo bututu da mita, sannan aka rubuta a gaban mai unguwa cewa ba zai ƙara kuɗin galan ba sai da yardar kwamitin.

Ruwan yana da tsabta, ana wanke tankunan a idon jama'a, kuma ana buɗewa tun kafin sallar asuba, abin da ya rage wa mata da yara yawo da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da mutanen Accra ke kira galan Kufuor. A kan wannan ba ni da ƙorafi.

Kasawar ta bayyana ne da rani. Idan famfo ya ɗauke, sai mai rumfar ya sayi ruwan motar tanka, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, alhali takardar ba ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin bambancin ba, don haka sau biyu ya kulle rumfar na kwanaki maimakon ya sayar da asara. Ban zarge shi da mugunta ba, domin mu da muka zauna muka amince da takardar ba mu yi tunanin ranar da bututu zai bushe ba.

Irin wannan tambaya ce ta addabi manyan yarjejeniyoyin Ghana. Matatar Teshie da ke Accra, mai cire gishiri daga ruwan teku, wadda kamfanin Befesa ya gina don samar da kubik mita 60,000 a rana bisa yarjejeniyar shekara 25, ta fara aiki a 2015, amma aka dakatar da ita a 2018 saboda ana sayen ruwanta da tsadar da ta zarce farashin da PURC, hukumar ƙayyade farashin ruwa da lantarki, ta amince a sayar wa jama'a. A can asarar ta faɗa kan ɓangaren gwamnati, a layinmu kuwa kan masu jarka. Kafin nan, kwangilar gudanar da ruwan biranen Ghana da aka ba kamfanin Aqua Vitens Rand a 2006 ta ƙare a 2011 ba a sabunta ta ba.

Zan ci gaba da sayen ruwa a rumfar, kuma ina ba maƙwabta shawarar haka. Sai dai a zaman sabunta yarjejeniya zan nemi a rubuta farashin ranakun tanka tun da wuri, tare da sharaɗin cewa ba za a kulle rumfar ba sai an sanar da kwamitin.