Sukurun Synthes na 7.3 a karayar ƙashin ƙugu: ƙarfe mai kyau, amma sai da gwani

Wanda pragya ko aboboyaa (babura masu ƙafa uku na Ghana) ta buge har bayan ƙashin ƙugunsa ya rabu, a da sai an yi masa dogon yanka, jini ya zuba, ciwon kuma ya daɗe bai haɗe ba. Sukurun kamfanin DePuy Synthes mai kaurin milimita 7.3 ya sauƙaƙa wannan aiki. Cikinsa rami ne. Likita yana yin yanka kamar santimita 2 a gefen ɗuwawu, ya tura waya mai kaurin milimita 2.8 ta cikin ƙashin ƙugu zuwa ƙashin tsatso, sannan ya zura sukurun a kan wayar, da wosha don kada kansa ya nutse cikin ƙashi.

Mun yaba da ƙarfen. Yana yanka wa kansa hanya, kuma akwai mai rabin zare don matse gaɓar da ta buɗe, akwai mai zare duka don karayar da ta farfashe, inda matsi zai danne jijiya.

Sai dai hanyar da sukurun ke bi matsattsiya ce ƙwarai. Ya ɗan karkata gaba, zai taɓa jijiyar L5 mai ɗaga tafin ƙafa, ƙafa ta saki, mutum ya riƙa jan ta. Ya yi ƙasa, zai faɗa ramin jijiyar S1, wata jijiyar ƙafa da ke fitowa daga ƙashin tsatso. Shi ya sa ba a yin aikin sai da na'urar hoto ta C-arm, a duba ta fuska uku: daga sama, daga ƙasa da daga gefe. Ƙiba da iskar hanji suna dusashe hoton. Wasu kuma halittar ƙashin tsatsonsu daban ce, don haka a ɗauki hoton CT tukuna.

Abin da ya fi damun mu a unguwannin Asawase da Aboabo na Kumasi shi ne jinkiri. Sukuru ba ya gyara ƙashi, riƙe shi kawai yake yi inda ya same shi. In an tsaya wajen mai ɗori har mako 3, ƙashin ya fara kamawa a karkace, sai an yi dogon yanka an gyara shi. A wuce da mutum asibitin Komfo Anokye a ranar.

Iyali su tambayi kuɗin ƙarfen tun da wuri, domin sau da yawa katin inshorar lafiya na NHIS ba ya ɗaukarsa. Bayan aiki kuma, ba a ɗora wa ƙafar nauyi sosai sai bayan mako 6 zuwa 12, in ba haka ba sukurun ya sassauta.