Manhajar Medito a wayar tela: abin da na gani cikin wata biyu

Duk tela ya san goman ƙarshe na azumi. Bana na karɓi shadda fiye da ƙarfina, wuta ba ta zama, man janareto ya yi tsada, masu kaya kuma suna kira har sha biyun dare. In na kwanta jiki ya yi liƙis, amma kai yana can shago: wuyan babbar rigar Alhaji bai kammala ba, zare ruwan toka ya ƙare, yaron shago ya yanka wando ya gaje. Haka zan yi ta juyi har lokacin sahur. Na ɗauka bayan salla abin zai wuce. Bai wuce ba.

Ɗan yayata da ke karatu a Zariya ne ya karɓi wayata ya saka min Medito, wata manhaja da ke koyar da natsuwa ta hanyar lura da numfashi, abin da Turawa ke kira meditation. Ya ce, "Kawu, minti goma kawai, ka zauna ka saurara." Na taɓa gwada wata manhaja irinta, ta ba ni kwana bakwai kyauta sannan ta nemi kati da dala, na goge ta. Don haka tambayata ta farko ita ce nawa. Ya ce ko sisi. Kuma gaskiya ne. Wata gidauniya ce a ƙasar Holan, wadda ba ta neman riba, ta fitar da ita a 2020, da gudummawar jama'a take tafiya. Wata biyu ke nan ban ga talla ko ɗaya ba, ba a kulle min wani darasi an ce sai na biya ba. Ana iya sauke darasi a ajiye a waya, wanda ga mai sayen data kaɗan-kaɗan irina ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna, kuma na san ita ce a ran mai karatu: wannan ba bautar mutanen Indiya ba ce? Ba zan ɓoye ba, salon ya samo tushe daga mabiya Buddha. Amma wanda ya bazu a asibitoci yanzu, wani masanin kimiyya ne a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya tsara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, darasi na mako takwas ga masu ciwon da ya ƙi jin magani, ya cire masa kayan ibada. A darussan farko da na bi a Medito ba a ce in kira sunan kowa ba, ba a ba ni wata kalma in yi ta maimaitawa ba, ba a ce in naɗe ƙafa ba. Duk da haka ba na yi a kan darduma, don kada yara su ɗauka wata nafila ce. Azkar ɗina na safe yana nan a wurinsa. In na buɗe shago, kafin yara su iso, nake zama a kan benci kusa da keke, in sa abin kunne.

Abin da muryar take cewa kaɗan ne. Ka zauna daidai, ka ji nauyin jikinka a kan abin zama, ka lura da iska tana shiga tana fita, a hanci ko a ciki. Shi ke nan. Na ce ai wannan wasa ne. Ranar farko ban kai numfashi huɗu ba na tsinci kaina a Kantin Kwari ina cinikin yadi a raina. Na dawo. Numfashi biyu, sai ga kuɗin makarantar yara. Na tashi da haushi, na ce ni ban iya ba, kaina ba ya yin shiru.

A darasi na uku ko na huɗu ne na gane inda na yi kuskure, kuma don wannan kaɗai manhajar ta cancanci wurin da ta ci a wayata. Ba a nemi kai ya yi shiru ba. Tunani zai zo, aikinsa ke nan. Lokacin da ka farga cewa ka tafi, ka dawo kan numfashi ba tare da zagin kanka ba, wannan dawowar ita ce atisayen. Kamar zare ne ya zame daga allura: ba ka fasa ɗinki, ba ka yi wa keke faɗa, ka sake zurawa ka ci gaba. In ya zame sau talatin, ka zura sau talatin.

Barci bai dawo dare ɗaya ba, kuma har yanzu akwai daren da nake juyi. Bambancin da na gani a shago ne. Makon jiya wani ya zo yana ɗaga murya a kan aljihun kaftani, na ji ƙirjina ya ɗau zafi, na lura da shi kafin bakina ya buɗe. Da a da ne, da mun tara jama'a. Uwargida ma ta ce, "Malam, kwana biyu ka rage faɗa, ko ciniki ne ya buɗe?"

Sai dai darussan da Turanci nake jin su. Ni da na tsaya a sakandare ina fahimta, don ana magana a hankali da kalmomi masu sauƙi, amma maƙwabcina mai aikin surfani ya saurara minti biyu ya miƙo min wayata. Yanzu ni nake faɗa masa da Hausa, mu saita agogon da ke cikin manhajar, wanda ba murya sai ƙarar ruwan sama in kana so. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga daina cin abinci ko ƙin fita, asibiti ya kamata ya nufa, waya ba za ta yi masa ba.

Sashen barci ban cika amfani da shi ba, don in na kwanta da abin kunne yana damun kunnena. Na safen nan na minti goma dai ban fasa ba sai ranar Juma'a, da nake zuwa kasuwa da wuri sayen zare.