Mun shiga ruwa ɗaya da kifin shak, ni da yarana biyu

Mu 'yan Zariya ba mu taso da teku ba. Ruwan da muka sani shi ne Kubanni da Galma da kududdufan da damina ke cikawa a bayan unguwa, su ɗin ma kashedi muka fi ji a kansu: kar a je, akwai 'yan ruwa, ɗan gidan wane ya tafi bai dawo ba. A kan wannan na raini 'ya'yana. Shi ya sa da Abbansu ya ce ya yankar mana tikitin shiga ruwa da kifin shak a wani babban wurin wasan ruwa a Dubai, inda muka je hutu, sai da gabana ya faɗi. Yayar, mai shekara 11, ta hau tsalle. Auta, mai shekara 8, ya yi tsit, daren nan ko abincin kirki bai ci ba.

Bari in fara da yadda abin yake, don ni ma da farko na ɗauka nutso za a yi da mu. Ba nutso ba ne. Ana sa maka rigar da ke hana nitsewa, a ba ka tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun da kake cizawa a baki, ɗaya bakinsa yana sama da ruwa. Sai ka kwanta rub-da-ciki a saman ruwan, fuska a ciki, kana numfashi ta baki, kifayen suna harkarsu a ƙarƙashinka. Ma'aikata suna cikin ruwan tare da ku. Ga mata masu tambaya: na shiga da kayan ninƙaya masu rufe jiki duka har da kai, ba wanda ya ko ɗaga ido ya dube ni.

Kafin mu je na yi ta lallashin Auta da abin da na sani. Na ce masa kifin shak ya haura iri 500, kuma mafi yawansu ba ruwansu da mutum. Mafi girmansu ma, wanda kan kai mita 12, ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa ya ci. Na ce masa waɗanda shak ke kashewa a duk duniya a shekara da wuya su wuce goma, alhali saran maciji, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe sama da mutum 80,000. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Umma, ni dai ba na so." Lissafi bai taɓa inda tsoron yake ba.

A bakin ruwan ne na gane ashe ba kifin yake tsoro ba. Da aka sa masa tabarau hancinsa ya toshe, sai ya firgita, ya fizge shi yana haki. Yaron da tun haihuwarsa da hanci yake numfashi, an ce masa nan take ya koma baki, ga ruwan gishiri yana taɓa leɓe, ga sanyi. Nan ne babban ƙorafina yake. Bayanin da aka yi mana a tsaye aka yi shi, da Turanci mai sauri, mu da yawa, ba a ware ko minti biyar a wuri marar zurfi yara su gwada bututun ba. Wurin da ke karɓar kuɗi irin wannan, kuma ya san da yara ake zuwa, bai kamata ya bar wannan ga sa'a ba.

Sa'ar kuwa mun yi ta. Wata ma'aikaciya ta lura da shi, ta zo ta zauna kusa da shi a kan matakala, ruwa iya gwiwa. Ba ta ja shi ba, ba ta ce masa ai ba komai ba. Ta cire masa bututun gaba ɗaya, ta ce ya riƙe numfashi, ya tsoma fuska ya ƙirga uku ya ɗago. Ya yi. Ya sake yi ya ƙirga biyar. A karo na huɗu wani kifi mai faɗi kamar faifai ya wuce ta gabansa yana kaɗa gefunansa, ya ɗago yana kirana, "Umma! Umma, kin gani?" Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Daga matakalar nan bai ƙara gaba ba har aka tashi, ni ma ban matsa masa ba. Abbansu ya zauna da shi.

Ni da yayarsa muka shiga, hannunta cikin nawa. Minti biyun farko ƙarar numfashina kawai nake ji a cikin bututun. Da na natsu sai ido ya buɗe. Akwai masu baƙin tabo a ƙarshen fiffike, tsawonsu bai wuce na mutum ba, suna kewaya ba tsayawa, domin irinsu sai suna tafiya ruwa ke ratsa musu su samu iska. Da ɗaya ya doso mu sai ya kauce da kansa, kamar ma shi ke gudunmu. Akwai kuma wani mai ɗigo-ɗigo da doguwar wutsiya, kwance a ƙasa kamar tarwaɗa a gindin randa. Shi wannan yana iya zuƙar ruwa yana kwance, abincinsa ƙaguwa da dodon koɗi, kuma yana ƙarami zane-zane ne a jikinsa, sai ya girma su koma ɗigo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lanƙwasar jikinsu. Ba su da ƙashi, guringuntsi ne duka, shi ya sa tafiyarsu take kamar an saki gyale a iska. Na yi tasbihi a zuciyata, tunda baki yana riƙe da bututu.

An hana taɓa su, an hana buga ƙafa da ƙarfi, kuma na ga ana tsawatar wa masu yi. Wannan na yaba. Lokacin dai gajere ne, kana fara jin daɗi ake cewa a fito. Hoto kuma ba a bari ka shiga da wayarka, su ke ɗauka su sayar maka, da tsadar da in ka juya dirhami zuwa naira sai ka yi shiru. Biyu muka saya.

Ga mai niyyar kai yara: ku sayi tabarau da bututun tun a gida, su saba da shi cikin baho kafin tafiya. Ku tambayi ƙa'idar shekaru kafin ku biya, ku tafi da tawul da rigar sanyi, don yayar ta fito haƙora na kaɗawa. In yaro ya ce iya matakala zai tsaya, a bar shi a matakalar.

Mun sayo tabarau ɗaya da bututunsa a hanyar dawowa. Yanzu duk Asabar Auta yakan cika babban bahon wanki a tsakar gidanmu a Tudun Wada, ya tsoma fuska, yayarsa tana duba masa agogo. Makon jiya ya yi minti biyu bai ɗago ba.