Mai gilashi, mai madubi, ko mai haɗa biyun?

Malam, ka ce kana so ka saya wa ɗalibanka na Daura na'urar hangen taurari, sai ka tarar wata doguwa siririya, wata kuma kamar ganga, ka rasa wadda za ka ɗauka. Bambancin yana ga abin da kowace ke tara haske da shi.

Siririyar gilashi ne a bakinta, irin na tabarau. Haske ya ratsa shi, ya lanƙwasa zuwa ido. Ita ce tsohuwa, a Holan ta ɓulla a 1608, Galileo ya ƙera tasa a 1609. Aibinta biyu. Gilashi ba ya lanƙwasa launuka daidai da juna, shi ya sa a masu araha za ka ga Zara da shuɗi-shuɗi a gefenta. Sannan ta gefe kawai ake iya riƙe shi, in ya cika girma nauyinsa ya lotsa shi. Ta cibiyar nazarin taurari ta Yerkes a Amurka, mai faɗin santimita 102, tun 1897 take, kuma kusan nan girman irinta ya tsaya.

Mai kama da gangar madubi ne a gindinta, mai zurfi kamar tasa. Newton ya ƙera irinta a 1668. Madubi ba ya raba launi, kuma ta baya ake tallafe shi, don haka girmansa sai inda kuɗi ya ƙare: a na'urorin da aka harba sararin samaniya, faɗin na Hubble mita 2.4 ne, na James Webb 6.5. Da kuɗin ƙaramar mai gilashi za ka sami madubi mai faɗi sosai, faɗin kuwa shi ke fito da taurari masu dishi-dishi. To amma bakinta a buɗe yake, ka kuwa san ƙurar hunturunmu. Ga shi in ta sha jijjiga a bayan babur sai an sake saita madubanta.

Ta ukun ta haɗa biyun, madubi a ciki, gilashi ya rufe baki, irin ƙirar Schmidt ta 1930 da ta Maksutov ta 1941. Gajeriya ce, mai daɗin ɗauka, sai dai tsada.

Da ni ne, Malam, mai gilashi ta milimita 80 zan ɗauka. Ta isa yara su ga ramukan wata da manyan watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari (Jupiter), ta kuma taimaka wajen neman jinjirin watan azumi. Sai dai a jira rana ta faɗi tukun, don leƙen rana ta cikinta yana makantarwa.