Saitin kayan inji da na sayo daga Yamai: sufaf sun yi kyau, gale ya kusa kashe mini mota

A watan Afrilun da ya gabata, ina dawowa Tawa daga Birnin Ƙonni da la'asar, bel ɗin tamin na motata, wanda makanikanmu suka fi kira kuruwa, ya tsinke mini kafin in kai Badagishiri. Ban ji wata ƙara mai tsoratarwa ba, ɗan ƙwas ɗaya ne daga gaba, sai inji ya mutu, motar ta ci gaba da gangarawa har na samu na sauka gefen kwalta. Da na murɗa makulli sai na ji inji yana juyawa sakayau, da sauri fiye da yadda na saba ji, kuma tun a nan jikina ya ba ni cewa ɓarnar ba ta tsaya ga bel ba. Motar Peugeot 206 ce mai inji lita 1.4, irin wanda ake kira TU3, mai fistan 4 da sufaf 8, wato bawul. A irin wannan inji fistan da sufaf wuri ɗaya suke shiga, bel ne kawai yake raba musu lokaci. Karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, ya yi zagaye biyu, kamshaf, sandar da ke buɗe sufaf, ya yi ɗaya. Idan bel ya katse sai kamshaf ya tsaya cak da wasu sufaf a buɗe, fistan kuma su ci gaba da tasowa da ƙarfin gudun mota su buge su. Wata motar kaya ce ta jawo ni gida bayan sallar isha'i.

Na yanke shawarar yin gyaran a tsakar gidana saboda kuɗin da aka yanka mini a garaji ya fi ƙarfina a lokacin, kuma ina da maƙwabci da nake kira Baba, dattijo ne da ya shafe rayuwarsa yana gyaran motocin Faransa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, wanda ya yarda ya zauna kusa da ni yana nuna mini. Ta waya na yi ciniki da wani shagon kayan mota a Yamai, wanda wani abokin aikina ya yaba mini shi. Abin da muka yi yarjejeniya a kai shi ne bel, da gale, wato ɗan gargaren da ke ɗame bel ɗin, da famfon ruwa, da juwan kilas, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da gangarsa don hana yoyo, da sufaf 8 tare da robobinsu, da notunan kilas guda 10. Na aika kuɗi gaba ɗaya, aka sako mini kwali a motar fasinja, ya iso bayan kwana huɗu maimakon biyun da aka yi mini alkawari.

Zan fara da abin da ya faranta mini rai, domin hakkin mai shagon ne a faɗe shi. Da muka cire kilas, wato kan inji, mun tarar da sufaf 4 sun lanƙwashe, 3 na fitar hayaƙi da 1 na shigar iska. Biyu ana ganin karkatarsu da ido, biyun kuwa sai da Baba ya sa na mirgina su a kan gilashin tebur muka ga kansu yana rawa. Sababbin da aka aiko mini sun yi daidai da tsofaffin a tsawo da kauri, sun shiga ramukansu ba tare da cijewa ko lilo ba. Yini guda na yi a ƙarƙashin bedi ina goge su da man goga, ina murza sandar tsakanin tafuka kamar mai burga miya, har kowanne ya fito da zobe mai launin toka, mai faɗi ɗaya duk kewaye. Da yamma muka kifa kilas ɗin muka cika ramukan da kananzir muka bar shi har magariba, ko ɗigo bai zurara ba. Juwan ɗin ma mai kyau ne, ramukan ruwa da na mai duka sun hau daidai, kuma har yau da nake wannan rubutu ruwan lagireto bai ragu ba, mai bai canza launi ba. A wannan daren da wani ya tambaye ni, da na ce masa ya sayi kaya a shagon nan ido rufe.

Abu na farko da ya fara sosa mini rai shi ne notunan kilas, domin babu su a cikin kwalin, alhali na biya kuɗinsu. Da na kira aka ce mini yaron shago ne ya manta, kuma ai tsofaffin ma za su yi. Notunan wannan inji irin waɗanda ke miƙewa ne idan an ɗaure su, don ana fara ɗaure su da ƙarfin Nm 20 ne sannan a ƙara murɗa kowanne digiri 240, ana farawa daga tsakiya ana zagayowa waje, kuma su ne ke riƙe da sandar ƴan hannayen da ke danna sufaf. Baba ya ƙi yarda a mayar da tsofaffin, sai da na nemo wasu a nan Tawa, aiki ya tsaya kwana biyu. Na haƙura a lokacin, na ɗauke shi a matsayin mantuwa irin ta ɗan Adam.

Sauran haɗin ya tafi lafiya, kodayake sai da muka yi taka-tsantsan ƙwarai. Gangar wannan inji ta alminiyam ce, kuma bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki zaunar da su kawai aka yi, ruwa na kewaye da su, saboda haka tun ranar da muka cire kilas Baba ya sa na danne su da manyan zobban ƙarfe irin na ƙarƙashin noti da guntayen bututu, ya kuma hana kowa taɓa karanshaf, don idan ɗaya ya ɗaga ruwa zai riƙa zuba cikin mai. Mun kafe babban faifan bayan inji da ƙarfe mai kaurin milimita 6, muka kafe faifan kamshaf da noti mai milimita 10, na ɗora bel, na ɗame shi da gale, na juya inji da hannu zagaye huɗu, ƙarafan suka koma ramukansu sumul. Na saita tazarar sufaf, milimita 0.20 na shigar iska, 0.40 na fitar hayaƙi. Da na murɗa makulli motar ta tashi a karo na biyu, yarana suka fito da gudu daga ɗaki, ƙanena da ya yi mako guda yana miƙo mini kayan aiki ya rungume ni. Ban taɓa yin aikin hannu da ya sa ni farin ciki irin wannan ba.

Kwana uku kacal wannan farin ciki ya yi. Da safiyar rana ta huɗu na tayar da mota zan tafi wurin aiki, sai na ji wani siririn kuka daga ɓangaren bel, kamar fito, yana ƙaruwa idan na taka mai. Na ɗauka bel ɗin da ke juya injin cajin batir ne, har na sa giya zan fita, sai ga Baba ya ɗago sandarsa daga kan tabarmar ƙofar gida yana cewa, "Ɗana, kashe motar nan yanzu." Ya matso ya kara kunne kusa da murfin roba, ya sa na sake tayarwa na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya ce in ɗauko kayan aiki, yau babu zuwa ko'ina.

Abin da na gani da na cire murfin har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi. Cikin murfin cike yake da baƙin gari mai laushi kamar toka, gefen sabon bel ɗin ya cinye, zarurrukan cikinsa sun fara leƙowa, kuma bel ɗin ya zame daga tsakiyar faifan kamshaf ya koma bakin gaɓa. Gale ɗin ya yi zafin da ba a iya riƙe shi. Da ya huce na cire shi na kaɗa shi da yatsa, sai ya yi ta juyawa shi kaɗai yana sharrr kamar fankon gwangwani, alhali sabon boris, wato zoben ƙananan ƙwallayen ƙarfe da gale ke juyawa a kai, mai cike da giris shiru yake juyawa, ya tsaya da wuri. Na kama shi da hannu biyu na girgiza, yana lilo hagu da dama, wanda shi ne ya sa yake karkatar da bel ɗin. Baba ya ɗauki wuƙa ya kankare baƙin fentin da ke bayansa, sai ga tsatsa a ƙasa, ya ɗaga robar da ke rufe boris ɗin, babu giris a ciki sai wani busasshen abu ja. Tsohon gale ne aka wanke, aka fesa masa fenti, aka sa shi a leda da kwali mai kyau. Da na hau hanyar Abalak da shi, kamar yadda na yi niyya a ƙarshen wannan mako, da bel ya sauka ina cikin gudu, sufaf ɗin da na yini ina gogewa su sake lanƙwashewa, wataƙila ma wannan karon har da fistan.

Dole in faɗi gaskiya cewa ranar da kwalin ya iso Baba ya kaɗa gale ɗin ya ce bai gamsu da sautinsa ba, ni kuma na dubi kyawun kwalin da kyawun sufaf ɗin na ce ai kayan wuri ɗaya ne. Wannan kuskurena ne, kuma na ɗauka. Amma kuskurena bai wanke wanda ya sayar mini da tsoho a kuɗin sabo ba.

Na kira mai shagon da kaina, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, ban kira don in ci mutuncinka ba, amma gale ɗin da ka aiko mini tsoho ne, kuma ya lalata mini bel." Na aika masa hotuna ta WhatsApp, har da na tsatsar da ke ƙarƙashin fenti. Amsar da ya ba ni ita ce, "Malam, kayan da aka riga aka ɗaura ba ya dawowa, kuma tunda ba makaniki ne ya ɗaura ba, wa ya san irin ɗamewar da ka yi masa?" Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Na sani cewa ɗame bel fiye da kima yana kashe boris, amma ba a cikin kwana uku ba, kuma ɗamewa ba ta haifar da tsatsa a ƙarƙashin fenti. Na tuna masa kuɗin notunan da bai aiko ba, ya ce zai duba littafi. Watanni sun shuɗe, bai kira ba, ni ma na daina kira.

Daga nan ne na fara sake duban duk abin da ya faru da wani ido. Jinkirin kwana biyu da na yi wa uzuri, da notunan da aka ce mantuwa ce, da shawarar cewa in mayar da tsofaffi, duka sai suka zama mini hali ɗaya, na mutumin da ya san mai saye yana nesa da shi da fiye da kilomita 500 kuma ba zai zo ƙofar shago ya tsaya ba. Har robar da ke tare mai a bakin kamshaf na roƙa a sako mini tun farko, don tsohon bel ɗin da ya tsinke jiƙe yake da mai, kuma mai yana cin robar bel, ga zafin Adar da ƙurarta a kai. Ita ma ba a sako ba, ni ne na yi shiru saboda ƙaramin abu ce na saya a gari. Famfon ruwan da ke cikin saitin ma, wanda wannan bel ɗin ne ke juya shi, sai da na cire shi na duba, domin zuciyata ta daina amincewa da duk abin da ya fito daga kwalin. Shi dai lafiyarsa lau, sabo ne, ba ya lilo, na sa masa sabuwar roba na mayar.

Sabon gale da sabon bel a nan Tawa na saye su, a wani ƙaramin shago inda mai shi ya bar ni na buɗe kwali, na kaɗa gale ɗin a kunnena, na jera haƙoran bel ɗin da na wanda ya lalace na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Sun fi na Yamai tsada kaɗan. Idan aka haɗa da notuna, da kuɗin da ya maƙale, da kwanakin da na yi ina hawa kabu-kabu zuwa wurin aiki, arahar da ta kai ni Yamai ta tashi a banza.

Saboda haka ba zan iya ba kowa shawarar ya sayi wannan saiti ba, duk da cewa sufaf ɗinsa da juwan ɗinsa suna cikin motata suna aiki yadda ake so, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Abu ɗaya mara kyau a cikin kwalin ya isa ya rushe duk sauran, tunda shi ne ke riƙe da bel, bel kuma shi ne ke tsare sufaf. Motar ta je Abalak ta dawo, ta je Ƙonni sau biyu. Na rubuta kwanan wata da adadin kilomita da farin fenti a cikin murfin inji, kuma duk ƙarshen wata ina cire murfin roba na sama in haska tocila in ga ko bel yana tsakiyar faifai. Tsohon gale ɗin yana cikin aljihun tebur a naɗe da ledarsa da kwalinsa, kuma ranar da aiki ya kai ni Yamai zan je shagon in ajiye wa Alhaji shi a gabansa, in nemi kuɗin notunana.