Ƙaramar filasma inci 32 da na siya don gem, wallahi ban ji daɗinta ba

Salam jama'a, musamman 'yan gem na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da duk wanda yake shirin ɗaukar kuɗinsa ya je neman ƙaramar talabijin da zai haɗa da PS ɗinsa, wato na'urar gem ta PlayStation. Wannan filasmar inci 32 da ake ta tallata ma mutane, wadda aka rubuta Full HD 1080p ɓaro ɓaro a jikin kwali har da hoton pad a gefe, ni na siya na gwada, kuma maganar gaskiya idan don gem ne kar ka siya. Ba zan kira sunan kamfanin ko shagon ba, irinta suna da yawa a kasuwa da sunaye kala kala, abin da nake so shi ne ku gane alamominta.

Dalilin da yasa na nemi ƙarama kowa ya sani, ɗaki ɗaya ne a Legas, ni da ƙanina, ina za ka kai inci 55? Ga maganar wuta, tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit kowa ya koma lissafin abin da yake kunnawa, in an ɗauke kuma ƙaramin janareta ne zai ɗauki PS4 da fanka da talabijin lokaci guda. Toh sai na nufi kasuwar Alaba da ke Ojo. A shagon an jera su reras ana haska bidiyon tsuntsaye da ruwa yana zubowa daga dutse, kala kam ba a magana. Na ce ma mai shagon Oga don gem nake so fa, ya ce ai wannan don gem aka yi ta, ya nuna min hoton pad ɗin nan na jikin kwali.

Babbar matsalarta jinkiri ne, wato lag, kuma a nan zan daɗe saboda shi ne ya fi ƙona min rai. Ka danna maɓalli a pad, hannunka ya gama aikinsa, amma sai an ɗan jima kafin ɗan wasan ya motsa a allo. Ba jinkirin da mai kallo a gefe zai lura da shi ba ne, kai mai pad a hannu kai kaɗai kake jinsa, kaman ka ce ma kwandastan danfo owa sai direba ya wuce da kai gaba sannan ya taka birki. A gem ɗin ƙwallo na FC abin ya fi muni, ka ga fili ka saki fasin amma kafin ƙwallo ta bar ƙafa mai tsaron baya ya riga ya rufe, ka je takil ka iso a makare alƙali ya ɗaga maka kati, fenariti kuma sai dai addu'a. A Mortal Kombat kombo ɗin da hannuna ya haddace shekara da shekaru gaba ɗaya ya daina fita.

Na san wani zai ce netwok ne, ai mu nan komai ya faru netwok muke ɗora ma laifi. Ba shi ba ne. Na kashe intanet gaba ɗaya ina buga da ƙanina a ɗaki, haka yake. Na jona pad da wayar USB na canza saitin ya bi ta waya maimakon Bluetooth, haka yake. Na canza wayar HDMI, babu canji. Sai na ɗauki PS ɗin da pad ɗin da wayar na kai ɗakin wani abokina mai monita ta kwamfuta, wallahi daga taɓawar farko na ji hannuna ya dawo. Kenan laifin na talabijin ne ba tantama.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Gem mai tafiya a hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 16.7. Idan hoton ya shigo ta HDMI talabijin ba ta haska shi nan take, sai ta tsaya tana yi masa kwalliya, ta gyara kala, ta ƙara kaifi, ta rage hayaniyar hoto, ta daidaita girmansa da allonta, kuma duk wannan lokaci yake ci. A fim ba wanda zai damu don ba ka danna komai. A gem kuwa abin da kake gani ya riga ya wuce. Shi yasa talabijin masu kyau suke da Game Mode, yana kashe kwalliyar nan jinkirin ya sauko wajen milisakan 10 zuwa 20, alhali ba tare da shi ba wasu suna haura 100, wato kana baya da hoto shida ko fiye. Ita wannan tawa akwai inda aka rubuta Game a cikin saitin hoto, na zaɓa da murnata, ashe kala kawai yake canzawa, ciyawar fili ta ƙara kore shikenan, jinkirin yana nan daram. Wannan shi ne abin da na kira yaudara, don an sa sunan ne saboda mai siya ya gani ya saki jiki.

Sai maganar Full HD ɗin. A can ƙarshen ɗan littafin da yake cikin kwali da ƙananan rubutu aka sa girman allon 1366 x 768. Full HD na gaske 1920 x 1080 ne, ɗigon hoto sama da miliyan 2, ita kuma wannan miliyan 1 da ɗan kai, kusan rabi kenan. Abin da rubutun kwalin yake nufi kawai tana karɓar siginar 1080p, sai ta matse shi ya shiga ƙaramin allonta, kuma matsewar ma tana cikin abin da yake ƙara jinkiri. PS ɗin zai nuna maka 1080p a saiti ka ɗauka komai lafiya. Amma ka shiga Career Mode na FC ka ga rubutun kwantiragi da sunayen 'yan wasa duk sun yi dishi dishi, sai ka matso kusa kana ƙanƙance ido. A Call of Duty mutumin da yake nesa ba ka bambance shi da bango, sai dai ka ji an harbe ka.

Kuma tana yanke gefen hoto. Allon maki na sama rabinsa ya shige ciki, radar ɗin ƙasa ma an ci gefenta. Na bi saitin girman hoto ɗaya bayan ɗaya babu wanda yake nuna hoton cif yadda ya zo. A PS4 akwai inda ake rage faɗin hoto, ya taimaka a wasu wurare, wasu gem ɗin kuma ko a jikinsu.

Idan aka buga doguwar ƙwallo sai ka ga tana jan jela a bayanta, kamara ta juya da sauri komai ya cakuɗe. Wurin duhu kuma baƙin ba baƙi ba ne, toka toka ne, ga haske yana tsiyayowa ta kusurwoyin ƙasa da daddare. Mu kuma a ɗaki yawanci a ƙasa ake zama kan kafet, talabijin tana sama kan teburi, toh duk wanda ya kalle ta daga ƙasa ko daga gefe hoton duhu yake masa, ranar Lahadi da abokai suka taru rigimar wurin zama ta fi ta gem ɗin yawa. Sauti ba sai na ɓata baki ba, sifikar ƙarama ce tana karkarwa in an ƙara murya, na koma jona iyafis a ramin da yake jikin pad. Ramin HDMI biyu ne, ɗaya sakwa sakwa yake, a ɗan taɓa teburin hoto ya ɗauke.

Don Allah kar a ce ban yi mata adalci ba. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuta, janareta ko gezau ba ya yi da ita. Na haɗa ta da dikoda na kalli labarai da wasan Firimiya da finafinan Kannywood, ba laifi, in ka zauna daidai saitinta daga ɗan nesa za ka kalli abinka lafiya lau. Wanda yake neman ta kallo a shago ko ɗakin mai gadi za ta yi masa. Amma ni ba haka na tambaya ba kuma ba haka aka ce min ba.

Na mayar da ita, kuma duk wanda ya san hanyar Agege zuwa Ojo da go-slow ɗin titin Badagry, da kwali rungume a cinya cikin mota, ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Yaron shagon ya jona ta ya sa bidiyon tsuntsayen nan, ya juyo ya ce Aboki ga hoto ga sauti, mene ne ya lalace? Na yi bayanin jinkiri har na gaji, na buɗe littafin na nuna masa 768, ya ce su ba sa mayar da kuɗi, sai dai in ƙaro kuɗi mai kauri a canza min da babba. Wannan maganar ta babu mayarwa ta ba ni haushi, domin akwai dokar kare haƙƙin masu siyayya da aka sa ma hannu a 2019 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta tarayya, a nan jihar Legas ma akwai irinta mai suna LASCOPA, kuma doka ta ba mutum damar mayar da kayan da bai yi aikin da aka ce zai yi ba. Wahalar ita ce jinkiri ba fashewar allo ba ne da za ka ɗauka a hoto ka nuna. Amma bambancin rubutun kwali da na littafi a bayyane yake, don haka na adana risit da kwalin da littafin, da su zan kai ƙorafi.

Shawarata ga mai ƙaramin ɗaki irina, ka manta da talabijin ka nemi monita inci 24 mai 1920 x 1080 na gaske, a Computer Village nan Ikeja akwai sababbi akwai tokumbo, kuma ga 'yan Agege ya fi kusa nesa ba kusa ba. Monita ba ta tsayawa yi ma hoto kwalliya shi yasa take da sauri. Ka tabbatar tana da ramin HDMI ba VGA kaɗai ba, kuma ka sani da yawansu ba su da sifika, sai iyafis ko ƙaramar sifika ta daban. Kar 1ms da ake rubutawa a kwali ya ruɗe ka, wannan saurin canza kalar ɗigon allo ne, daban yake da jinkirin pad. Masu PS5, wanda ya fito a 2020, ku nemi mai 120Hz don na'urarku tana iya ba da hoto 120 a daƙiƙa a gem ɗin da suka yarda da hakan, in kuma 4K kuke so a wannan saurin sai mai HDMI 2.1, ɗora PS5 a kan allon 768 asarar kuɗi ce tsagwaronta.

In kuma dole sai talabijin, ka saka PS ɗinka da pad a jaka ka tafi da su shagon, ka ce a jona kafin ka biya ko sisi. Ka buga gem ɗin da hannunka ya saba da shi, ka kunna Game Mode ka kashe ka ji ko akwai bambanci a hannu, ka duba ko allon maki ya fito cikakke, ka tsugunna ka kalle ta daga ƙasa, sannan ka ce a buɗe maka littafin ka karanta girman allon da idonka. Mai shagon da ya ce ba lokaci ko ba wuta, ka ce masa sai an jima ka shiga na gaba.