Kwafi ko bugun masana'anta: abin dubawa kafin ka ba da aikin faifai a Accra

Waya ta cinye kasuwar faifai, amma ba ta kashe ta ba, musamman a zangunanmu. Kwamitin masallaci a Nima yana son raba tafsirin azumi ga dattawan da ba ruwansu da WhatsApp. Mai ɗaukar bidiyon biki a Maamobi ya san uwar amarya ba za ta cika masa kuɗinsa ba sai ta riƙe DVD mai hoton 'yarta a hannu. Islamiyya a Fadama ta yi walimar sauka, kowane uba yana son nasa. Duk wanda ya tashi ba da irin wannan aiki, hanya biyu ce a gabansa: ko a kwafa masa, ko a buga masa a masana'anta. A kallon farko faifan iri ɗaya ne, faɗin santimita 12, amma yadda ake yin su daban, kuɗinsu daban, ƙarkonsu ma daban.

Kwafi shi ne wanda muka saba gani a shagunan Circle, a tsakiyar Accra, da cikin unguwa. Ana sayo fankon faifai, CD-R ko DVD-R, wanda ke da siririn shafin rini a cikinsa, sai hasken leza ya bi yana ƙona rinin, sauti ko hoto ya zauna. Masu sana'ar suna da doguwar na'ura mai aljihu bakwai ko goma sha ɗaya a jere. A sa na asali a sama, a cika sauran da fanko, cikin 'yan mintuna duk su fito tare. Ba wani shiri da ake yi kafin a fara, shi ya sa ko guda ashirin kake so za a yi maka, in ka kai da safe ma ka iya karɓa kafin magariba, muddin ba a ɗauke wuta ba.

Bugu kuwa ba ya farawa da fanko. Ana ɗaukar masta ɗinka, wato faifanka na asali, a zana abin da ke ciki a kan farantin gilashi, daga gilashin a fitar da hatimin ƙarfe na nikel. Wannan hatimi ake ɗaura wa inji, a tura narkakkiyar roba a kansa, faifai ya fito da bayanan a jikin robar kanta, sannan a shafa masa alminiyam a rufe. Kamar mai buga bulo ne: ƙera mazubin ne mai tsada, in an ƙera shi kuwa, kowane bulo na gaba ba ya cin komai sai siminti da yashi. A haka ake yin faifan kiɗa tun da Philips da Sony suka fito da CD a 1982.

Lissafin kuɗin daga nan ya taso. Masana'antu ba sa kunna inji don guda ɗari. Galibi mafi ƙarancin abin da suke karɓa 500 ne, wasu 300, wasu sai 1,000, saboda kuɗin gilashi da hatimi dole ya rabu a kan faifai masu yawa. A kwafi, farashin faifai na farko da na ɗari biyar kusan ɗaya ne. A bugu, iya yawan adadi iya saukar kuɗin kowane guda. Tsakanin 500 da 1,000 ne hanyoyin biyu suke haɗuwa. Ƙasa da haka kwafi ya fi sauƙi, sama da haka bugu ya fara yin gaba.

Sai dai mu a Accra akwai ƙarin lissafi da ba ya fitowa a takardar farashin da dillali zai nuna maka. Tambaye shi a ina za a buga. In a waje ne, Legas ko China ko Turai, to ka ɗora kuɗin dako, ka ɗora kuɗin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Tema ko filin jirgi, ka kuma tuna da dala aka yi cinikin, kai kuwa da sidi za ka sayar. Aikin da masana'anta ke gamawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, jirgin ruwa kan ƙara masa makonni. Wanda yake son faifan maulidi ya shigo kafin 12 ga Rabi'ul Awwal, bai kamata watan ya tsaya yana ciniki ba.

Abin da ya fi damuna da bugu ba tsadarsa ba ce, ragowar kaya ce. Mutum ya ji guda ɗaya ya fi araha in an yi dubu, sai ya yi dubu. Ya sayar da ɗari biyu a makon farko, wani yaro ya juye abin a waya ya watsa a guruf, sauran kwalaye su zauna ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Arahar guda ɗaya ba ta da amfani in ɗari takwas ba su fita ba. Da kwafi kuwa sai ka yi hamsin, ka gwada kasuwa a bakin masallaci ranar Juma'a, in sun ƙare ka koma a ƙara. In ka ga an rubuta sunan malam ba daidai ba, ko wani karatu ya yanke, sai a gyara a zubi na gaba. A bugu, kuskuren da ya shiga hatimi ya shiga dubun gaba ɗaya.

Ta fannin inganci fa? Mutane da yawa suna zaton bugaggen faifai ya fi daɗin sauti. Ba haka ba ne. In an kwafa da kyau, bayanan da ke ciki daidai suke da na masta, ba ragi ba ƙari. Bambancin yana wajen ƙarko da kuma wace na'ura za ta karanta. Rinin da ke cikin CD-R da DVD-R ba ya shiri da rana da zafi. Bar shi a gaban gilashin tasi ko trotro, ƙaramar bas ɗin haya, na 'yan makonni, sai ya fara tsalle, daga baya ya ƙi tashi. Bugagge ba shi da rini, don haka ya fi jure wannan wahala, kuma tsofaffin na'urorin gida da rediyon mota sun fi saurin karɓarsa. In abin da za ka fitar na ajiya ne, kamar karatun wani malami da ya rasu wanda ake son jikoki su ji, wannan hujja ce mai nauyi a ɓangaren bugu.

Wanda ya zaɓi kwafi, rabin ingancin aikinsa yana wajen fankon da aka saya. Akwai masu arha da ake sayarwa a sanda ba suna ba alama, su ne ke mutuwa kafin shekara ta zagayo. Nemi mai suna irin Verbatim, ka ce a nuna maka kwalin. Ka roƙi kada a ƙure gudun na'ura. DVD a kan 8x, CD a kan 16x, ya fi zama lafiya da a yi ta a guje don a sallame ka da wuri. Kuma ka ce a sa na'urar ta tantance kowane faifai da masta bayan ta gama, yawancinsu suna da wannan maɓalli, gaggawa ce ke sa a tsallake shi.

Sannan ka auna abin da za ka zuba. CD na sauti yana ɗaukar minti 80 ne kawai, wato wa'azi ɗaya mai ɗan tsawo. In aka mayar da karatun MP3, megabait 700 da CD ke da su za su ɗauki kusan awa 12 da sauti mai kyau, amma ba kowace tsohuwar rediyo ke karanta MP3 ba, sai ka san su wa za ka ba. DVD na yau da kullum gigabait 4.7 ne, kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Bikinmu kuwa daga sa lalle zuwa kai amarya ba ya tsayawa a awa biyu. Akwai mai hawa biyu na gigabait 8.5, sai dai kwafaffensa yakan sarƙe a tsofaffin na'urori daidai inda hawan farko ya ƙare. Gara a raba bikin faifai biyu da a matse shi hoto ya dushe. Tsarin talabijin ɗinmu PAL ne. In za a aika wa 'yan'uwa a Bronx ta Amurka, inda tsarin NTSC ke aiki, faɗa wa mai haɗa bidiyon tun farko, kuma kada a kulle faifan da lambar yanki, wadda ke hana shi tashi a na'urorin wasu ƙasashe.

Fuskar faifai ma abin dubawa ce. Masana'anta tana buga hoton kai tsaye da fentin da ba ya wankewa. A kwafi, wasu na'urorin suna fesa tawadar da ke zuba in ruwa ya taɓa ta, ko gumin yatsa ma. Lasa yatsa ka goga a samfurin da aka nuna maka, nan take za ka gani. Takardar da ake mannawa kuwa ka guje ta, zafi yana ɗaga ta, ta maƙale a rediyon mota.

Akwai masu karɓar kuɗin bugu su kawo maka kwafi. Na ga wani dattijo a shago yana juya faifan da aka miƙo masa, yaron shagon yana ta cewa, "Baba Alhaji, wallahi na kamfani ne." Dattijon ya ɗaga shi wajen haske ya ce, "Ɗana, na kamfani ba ya shuni a ciki." Gaskiyarsa. Cikin bugaggen faifai fari ne tas kamar azurfa. DVD-R yana da launin shuni, CD-R kuma yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, har ana ganin iyakar inda ƙunar ta tsaya. Duba kuma zoben da ke kusa da ramin tsakiya: masana'antu masu rajista suna sa ƙananan haruffan IFPI da lambar da ke nuna inda aka buga.

Maganar haƙƙi kada a raina ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, Act 690 ta 2005, ta shafi kwafi da bugu duka. Bidiyon biki da aka cika da waƙoƙin mutane, in don gida ne wata magana ce, in za a kai kasuwa sai an nemi izini, kuma ƙungiyar GHAMRO ce ke kula da haƙƙin mawaƙa. Masana'antar kirki ma ba za ta taɓa aikinka ba sai ka sa hannu cewa abin naka ne ko an ba ka izini. Karatun malami kuma, a nemi yardarsa ko ta magadansa kafin a ɗora hotonsa a kwali.

A ganina, mafi yawan aikin zango na kwafi ne: biki, suna, walima, tafsirin shekara, sabon mawaƙin da bai san yawan masoyansa ba tukuna. Bugu na wanda ya riga ya ƙirga masu karɓa ne, kamar ƙungiyar da za ta raba dubu biyu kyauta daga Accra zuwa Kumasi da Tamale, kuma tana da wata biyu a hannu. Ko wanne ka ɗauka, saurari masta ɗinka daga farko har ƙarshe a na'urar gida da ta mota kafin ka miƙa, ka ajiye kwafinsa a filash. A rasit kuma a rubuta adadi, irin faifan, ranar karɓa, da wanda zai ɗauki asarar waɗanda suka ƙi tashi, sannan ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato kuɗin waya, cikon sai ka gwada guda goma daga kwalaye daban-daban.